Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya raba harsuna, ya ba kowane ɗa uwa guda. Ya ku matafiya masu jiran kwalekwale, ku sauke kayanku ku zauna, ruwa bai kwanta ba tukuna. Zan ba ku labarin abin da na gani a tsallaken kogin nan. Ni ɗan Korau ne, mutumin Tudun Ƙirya, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yawon neman ilimi, ya dawo da gafaka cike da littattafai, hankali kuwa bai cika ludayi ba. Sunan da mahaifina ya raɗa mini Ilyasu. Kun ji shi sau ɗaya, ina roƙonku kada wanda ya maimaita.

Ni ɗan fari ne. Kun san a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi a gaban jama'a. To, Innata, mai suna Gwamma, ta riƙe wannan kunya har ta wuce ta kowa. Tun ina rarrafe har gemu ya fito mini, "mutumin nan" take ce mini. "Ku ba mutumin nan tuwonsa." "Mutumin nan bai dawo ba?" Ko baƙo ne ya zo mai suna irin nawa, to ya ajiye sunansa a zaure har ya fita. Ina yaro abin yana ci mini rai. Nakan laɓe bayan rumbu ina kasa kunne ko za ta yi suɓul da baka, ba ta taɓa yi ba. Sai dai kullum in na tona tuwona, sai in tarar da tsokar da ta fi kowace girma a ɓoye can ƙasan akushi, ba kuma wanda ya taɓa ganin lokacin da aka sa ta.

Da na dawo daga yawona, na tarar da Tudun Ƙirya babu ko kaza. Wani tsoho mai cire zuma, shi kaɗai ya rage, ya ce mini an yi fari shekara uku a jere. Mahaifina ya rasu, ƙannena biyu sun bi shi. Sauran mutane kuwa wasu masu riguna ruwan toka ne suka zo suka ce akwai wani gari, Birnin Daidai, inda ba a kwana da yunwa, suka tafi da su. Innata tana cikinsu. Na zauna a ƙofar ɗakinta na yi kuka har na gode Allah, sannan na sayi jaki na nufi gabas.

Kwana tara na yi kafin in isa Hamadar Madubi. Ƙasarta sumul take tana ƙyalli, duk wanda ya dubi ƙasa sai ya ga kansa yadda yake burin zama. Na wuce gawarwaki a durƙushe, kowa ya kafa ido tsakanin ƙafafunsa, ƙishirwa ta kashe shi yana murmushi. Ni ma na saci kallo sau ɗaya, na ga wani babban malami da rawani kamar faifai, ɗalibai sun kewaye shi, na tsaya tun hantsi har la'asar ina sha'awar kaina. Jakina ne ya cece ni, ya gaji da tsayuwa ya make ni a ƙwauri. Na naɗe idona da rawani, na kama wutsiyarsa, shi ya ja ni kwana huɗu har muka fita. Shi jaki ko ya dubi ƙasa jaki yake gani, bai da wani burin da ya wuce wannan.

Daga nan muka zo bakin kogin nan da kuke gani. Mai fito a lokacin wani dattijo ne, Nomau, mai hannu ɗaya da rabi. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya dube ni ya daɗe.

"Ɗana, na zauna a birnin nan shekara ashirin," in ji shi. "Ba a duka, ba a kisa, ba a yunwa. Doka ɗaya ce. Kada zuciyarka ta karkata ga wani fiye da wani. Ba uwa, ba ɗa, ba wa, ba ƙane, ba aboki. Kowa da sunansa tsurarsa ake kiransa. Wanda aka kama da karkata, Gidan Miƙarwa ake kai shi."

"Ana fita kuwa, Baba?"

"Duk kwana arba'in ana buɗe ƙofa. Wanda zai fita don kansa, hanya ga ta. Wanda zai fita don wani, sun ce marar lafiya ne, ba a sakin marar lafiya. Abu ɗaya zan gaya maka, ka ji ko kada ka ji. In an tambaye ka sunanka a ƙofa, ka ari na wani."

Na ce to da baki. A raina kuwa na ce tsoho ne, bai yi karatu ba. Birni mai mutum dubu ɗari, ta yaya Inna za ta san na zo in ba ta ji sunana ba? Na bar masa jakina da gafakata, ya tsallakar da ni. Da mai tsaron ƙofa ya tambaye ni, na buɗe murya na ba shi sunana na gaskiya, ina ganin na yi dabara.

Ban taɓa ganin gari mai tsabta irin Birnin Daidai ba. Gidaje duk tsayinsu ɗaya, ƙofofi duk faɗinsu ɗaya, riguna duk ruwan toka. Tuwo kuwa ci ka bari. Kowace safiya ana taruwa a fili, a kira sunaye, a jefa ƙuri'a a raba aiki, yau kana saƙa, gobe kana jan ruwa. Duk kwana bakwai kowa ya canja ɗaki, don kada ka saba da maƙwabci. Jarirai suna Gidan Reno, masu shayarwa suna zagayawa, ba wadda za ta ɗauki jariri ɗaya sau biyu a mako. Gaisuwa ba ta wuce "Lafiya", a amsa "Lafiya". Ba mai tambayarka gida, don ba ka da shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro gorunan ji. A kowace ƙofa da kowace bishiya akwai gora a rataye, wani iri ne da suke shukawa a bayan ganuwa, mai shan magana yadda ƙasa ke shan ruwa. Da safe masu lura su zo su sauke, su kai fada, su cire toshi, goran ya amayar da duk abin da ya ji, da muryar mai maganar. Na ga wata mata da aka tafi da ita don ta ce wa wani tsoho, "Ka ci abinci kuwa?" sau uku a mako guda.

Ranar kwanana na shida, da aka kira sunana a fili, sai na ji ƙwarya ta faɗi ta fashe can cikin layin mata. Ban waiga ba. Na san hannun da ya sake ta.

Sai da muka yi kwana goma sha biyu kafin ƙuri'a ta haɗa mu a wurin daka, don a can maza ma suna daka. Kafin nan na riga na gano lagon gorunan. Na lura wanda ke rataye kusa da turame kullum masu lura ba sa ko buɗe shi, sai su juye. Ashe ƙarar taɓarya ce ke cika shi tun hantsi, kuma goran da ya cika ba ya shan komai. Na bari lugude ya yi zafi, na matsa kusa da turminta, idona na kan gero.

"Inna," na ce.

Ba ta ɗago ba. Ta tsufa, ta yi ƙiba irin ta mutanen birnin, furfura ta rufe kanta. Taɓarya ta tashi ta sauka sau uku kafin ta yi magana.

"Mutumin nan ya rame," ta ce wa turmin. "Ba a ba shi abinci a inda ya je ne?"

Hawayena suka zuba cikin geron mutane. Shekara goma sha ɗaya rabona da in ji an kira ni haka.

A wurin dakan nan, duk ranar da ƙuri'a ta yi mana daɗi, muka shirya komai. Za mu ba da sunayenmu na fita a ranaku dabam. Ba za mu tsaya kusa da juna ba. Na tambayi yadda ake yi a ƙofa, sai Inna ta faɗa mini, muryarta ƙasa ƙasa. Masu fita sukan yi layi, kowa ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kowane mutum cikin ido ya kira sunansa, masu lura suna kallo. Wanda muryarsa ta yi rawa a kan wani, ko idonsa ya kauce, an san inda ya karkata.

A nan ne maganar Nomau ta dawo mini, na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Da na ari sunan wani, da Inna ta kira shi ba ko gezau.

"Inna, sau ɗaya ne kawai," na ce. "Ki faɗa yanzu ki saba. Ba mai ji."

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya kamar yarinya.

"Ba abin dariya ba ne. Ki faɗa."

"Kai, mutumin nan ya cika naci."

"Inna, kunya ta fi ranki ne? Baba ya mutu, garin ya mutu, wa ya rage da za ki ji kunyarsa?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ci gaba da daka, can ta ce, "Sun karɓe zanena, sun karɓe tukunyata, sun hana ni ambaton waɗanda na binne. Shekara uku ba abin da na riƙe wanda yake nawa sai wannan. Kullum in an kira wani mai irin sunan a fili, nakan sunkuyar da kai, in ji ashe har yanzu ina da ɗa." Ta share gumi. "Amma in ranar ta zo zan faɗa. Ka kwantar da hankalinka."

Ranar ta zo. Mu goma sha bakwai ne a layi, rana ta take, ƙofar birni a buɗe har ana hango ruwan kogi. Babban mai lura, wani dogo mai taushin murya da ake kira Barmo, yana tsaye da hannu a baya. Ni aka fara kira. Na bi layi ina faɗin sunaye, na zo gabanta, na dubi idon matar da ta haife ni na ce, "Gwamma." Ko ɗar ban ji ba. Har yau in na tuna sauƙin da ya zo mini da shi sai in ji na tsani harshena.

Aka zo kanta. Ta kira na farko, ta kira na biyu, murya tsaf. Ni ne na tara. Ta tsaya a gabana, ta buɗe baki, na ga leɓenta ya ɗauko farkon sunan. Sai idonta ya sauka ƙasa da kansa, yadda ya saba sauka shekara arba'in.

"Mutumin nan," ta ce a hankali.

Barmo ya matso ba gaggawa, ya ce ta sake. Ta sake buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta juya ta dube shi.

"Ni ce na karkata," ta ce. "Shi bai san ni ba. Kama ya yi mini da wani."

Barmo ya dube ni. "Ka san ta?"

"Ban san ta ba," na ce. Na faɗa wa kaina cewa dabara ce, in ina waje zan fi iya taimakonta. Ƙarya nake, tsoro ne.

Aka tafi da ita ba ko ja, tana tafe tana gyara ɗankwali. Sauran suka fita. Ni kuwa Barmo ya kai ni inuwa, ya ba ni ruwa da hannunsa.

"Goshinku iri ɗaya ne," in ji shi. "Tun ranar da ƙwarya ta fashe na sani. Kai ba ka dame ni ba, na ji yadda ka kira sunanta, kai kusan lafiyayye ne. Ita ce abin tausayi."

"Wane irin ciwo ne uwa ta ji kunyar ɗanta?"

"Bari in tambaye ka. Lokacin fari a garinku, wa ya fara mutuwa? Wanda ba shi da kowa. Uwa takan ɓoye mudun gero don ɗanta, tana jin kukan ɗan maƙwabciya ta bayan danga har ya yi shiru. Tsokar da ake ɓoye wa ɗa a ƙasan akushi, daga bakin wani aka ɗauke ta. Nan shekara ɗari ba yaron da ya mutu da yunwa. Ka kawo mini garin da zai faɗi haka, in buɗe ƙofar nan in jefa makullin a kogi."

Duk karatuna na shekara goma sha ɗaya bai ba ni amsa ba. Na san akwai ta, har yanzu na san akwai ta.

Sai ya ba ni zaɓi. In tafi a ranar ni kaɗai, ko in zauna in taimaka a warkar da ita. Ya ce ranar da ta iya kallona ta kira sunana, ƙofa a buɗe take gare mu duka biyu, ya rantse. Aikin kuwa ba wuya. Kowace safiya za a kawo mini goruna arba'in, in faɗi sunana a cikin kowanne har ya cika, a kai ɗakin da take a rataye, su yi ta faɗa mata. Ba duka, ba horo da yunwa. Suna ne kawai, a yi ta zuba mata shi har ya zama kamar kalmar ruwa ko gishiri.

Na yarda da murna, ku ji wauta. Na ce ai Inna mai wayo ce, za ta saba da shi a baki kawai, ta faɗa, mu fita mu yi dariya a hanya. Kwana arba'in ina durƙushe gaban goruna ina kiran sunana har muryata ta dushe. Ranar da na ji kasala sai in ƙara goma, don ta yi saurin fitowa. Ba wanda ya taɓa yi wa Birnin Daidai aiki da himma irin tawa.

Ranar buɗe ƙofa aka fito da ita. Lafiyarta ƙalau, fuskarta a sake, har ta fi da haske. Aka tsayar da ni a layi, ta biyo tana kiran sunaye. Ina ta addu'a a raina, Allah ka sa ta faɗa, Allah ka sa ta faɗa. Ta zo gabana, ta ɗago ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni.

"Ilyasu," ta ce.

Ta wuce na gaba, ta kira nasa da murya iri ɗaya.

Abin da na laɓe bayan rumbu ina jira tun ina yaro, ga shi na samu. Daɗi ya kama ni na ɗan lokaci, na ce mun tsira. Barmo ya nuna ƙofa ya ce, "Alkawari ya cika. Ku biyun kuna iya tafiya."

Na yi taku uku na ga ba ta biyo ni ba. Na dawo. Ban damu da goruna ba, ban damu da masu lura ba, na kama hannunta.

"Inna, taho. An buɗe."

"Sunana Gwamma," ta ce, ba faɗa, ba fushi. "In je ina? Yau ni ke da jan ruwa."

"Inna, ni ne. Mutumin nan ne."

Ta dube ni da irin kirkin da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. Na binciki idon nan ko zan ga ta ƙifta mini, ko zai sauka ƙasa ko da na ƙiftawa ɗaya ne. Bai sauka ba. Ta zare hannunta a hankali, ta gyara mini wuyan riga yadda za ta gyara wa kowa.

"Ka sauka lafiya, Ilyasu," ta ce. Ta ɗauki tulu ta bi layin masu jan ruwa, ba ta waiga ba.

Ban san yadda na iso bakin ruwa ba. Nomau ya tsallako da ni bai tambaye ni komai ba. Sai da muka taka gaci ya ce shi ma da matarsa suka yi niyyar fita, shi kaɗai ya fito. Daga baya, da ya ga na ƙi ci na ƙi sha, ya ce mini wataƙila da gangan Inna ta yi, don ta ga ba za a bar mu mu tafi tare ba, ta saya mini hanya da abin da ya rage mata. Na so in yarda. Wata rana nakan yarda tun safe har azahar. Amma ni na ga idon, kuma ni na cika gorunan.

Ban iya komawa gida ba, don babu gidan, ban kuma iya komawa birnin ba. Da Nomau ya rasu na ɗauki sandar fitonsa. Shekara ashirin da biyu ke nan, duk kwana arba'in nakan kai kwalekwale wancan gaci in jira masu fitowa. A da sukan kai goma, yanzu sai a buɗe ƙofa a rufe ba wanda ya fito. In tana raye ta haura tamanin. Littattafaina gara ta cinye su tuntuni, ban kuma yi kewarsu ba.

To, ruwa ya kwanta, ku ɗauki kayanku. Na ga yunwa a fuskokinku, na san ba labarina ne zai mai da ku baya ba, can kuwa akwai tuwo, ban yi muku ƙarya ba. Mai uwa a cikinku ya zauna kusa da ita a kwalekwale, fito ba ya daɗewa. Nan hikayata ta tsaya, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage shi ya fi ni sani. In kuna da bukata a tsakiyar ruwa kada ku kira ni da sunan da kuka ji ɗazu. Ku ce mutumin nan, zan amsa.